Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugabar NAFDAC kan gargaɗin da ke jikin maganin feshi

Ranki ya daɗe, Farfesa Mojisola Adeyeye, ina gaisuwa.

Kin fi ni sanin yadda ta kaya tsakanin kamfanin Bayer da masu ƙara a Amurka kan maganin ciyawa Roundup. A watan Yunin 2020 kamfanin ya amince ya biya kuɗin sulhu da ya kai dala biliyan 10.9 ga dubban mutanen da suka ce maganin ya jawo musu ciwon daji. Bai amsa laifi ba, kuma har gobe masana na jayayya kan lamarin, duk da cewa tun 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa glyphosate, sinadarin da ke cikin Roundup, cikin waɗanda ake kyautata zaton suna haddasa shi. Babban abin da masu ƙarar suka tsaya a kai shi ne: ba a gargaɗe mu ba.

To, wannan sinadarin ne manomanmu ke goyawa a baya duk farkon damina. Ki shiga kowace kasuwar ƙauye a Katsina ko Kano ki ɗauki kwalba ɗaya. Yawanci gargaɗin da Turanci yake, da haruffa ƙanana kamar ƙwayar gero. Mai feshin kuwa boko bai yi ba, allo ya yi. Ba takunkumi, ba safar hannu, da silifa yake shiga gona, ya gama ya ɗauraye jarkar a zuba ruwan sha. Wani ma a gorar ruwa ake tsiyaya masa, babu ko takarda a jiki. Shi wa zai kai ƙara, da kuɗin wane lauya?

Don Allah, Farfesa, ki sa ya zama sharaɗin rajista: duk maganin feshin da za a sayar a Arewa ya ɗauki gargaɗi da Hausa, boko da ajami, da hoto babba wanda ko yaro zai gane. Hukumarki ce ke ba da lambar rajista, ba sai an jira majalisa ba.

Ba mu manta ba, a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda ragowar maganin ƙwari na dichlorvos da aka samu a jikinsa, kuma a 2019 kun ce za ku raba kasuwanni da ƙananan kwalaben Sniper, maganin ƙwarin da ke ɗauke da dichlorvos ɗin. Muna son jin inda aka kwana. Amma a fara da rubutun jikin kwalba, kafin ruwan bana ya sauka.

Naki,
Wani manomi daga Funtuwa