Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni malamar sakandare ce a Kano, kuma kukana ɗaya ne: 'yan matan da nake koyarwa sun samu likita a cikin wayarsu, amma likitan ba naku ba ne. Wata Hajiya ce a TikTok, ta sha kwalliya, tana ɗaga ƙwayoyi a farar leda, ba suna ba lambar NAFDAC, tana rantsuwa sati biyu kacal ƙugu zai cika. Wata kuma haɗin mai take tallatawa, wai ki yi fari tas kafin biki. Yarinya 'yar shekara 15 ta tura kuɗin tara, ɗan acaɓa ko mai adaidaita ya kai mata har ƙofar gida. Abin da ake kira "sha ka fashe" kai ka fi ni sanin mene ne a ciki, da abin da yake yi wa hawan jini da sukari da ƙashi. Mu dai fuska muke gani ta kumbura, gwiwar yatsu ta yi baƙi, uwa kuma tana murna 'yarta ta yi kyau.

To ina muryar ma'aikatarka a wannan kasuwa? Idan mutum ya leƙa shafukanku, hotunan taro zai tarar da sanarwa da Turanci. Madalla da taro. Sai dai ɗalibata ba ta san da zamansa ba.

Kada a ce mana abin ba zai yiwu ba. A 2020, lokacin korona, saƙon NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, shigowa yake har wayar tsohuwa mai raka-ni-kashi, ana cewa a wanke hannu. Ashe hanyar tana nan. Kai kanka, lokacin da kake shugabantar hukumar lafiya a matakin farko, ai ta bakin sarakuna ka bi aka shawo kan iyaye a maganar shan-inna, saboda ka gane cewa saƙo sai ya fito daga bakin da ake saurare. Yaran yau bakin da suke saurare yana hannunsu. A 2023 shugabar NAFDAC ta zo nan Kano ta ce bilicin ya zama matsalar gaggawa ga lafiyar ƙasa. An tafa, an watse, masu talla suka ci gaba da harkarsu.

Ba manhaja mai nauyi muke roƙo ba, wadda za a ƙaddamar a otal a Abuja ta mutu bayan wata uku. Tun da aka ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, yaro lissafa megabait yake yi. Ku ba mu gajeren bidiyo da saƙon murya da Hausa, daga bakin likitoci mata matasa da 'yan wasan da yaran suka sani. Ku buɗe layin WhatsApp da yarinya za ta yi tambayar da take kunyar yi wa uwarta, ma'aikaciyar jinya ta amsa mata. Ku zauna da takwaranka na sadarwa a sa kamfanoni su bar shi kyauta. Su kuwa masu talla, lambar wayarsu da ta asusun banki suna nan a rubuce ƙarƙashin kowane bidiyo; ba sai an yi wani dogon bincike ba.

Akwai maganar shisha da tiramol a wajen samari, da kwana kan waya har asuba a zo aji ana gyangyaɗi. Wannan sai wani jiƙon.

Don Allah, ranka ya daɗe, ka sa a fara da Kano da jiharka ta Bauchi kafin ƙarshen zangon karatun nan. Mu malamai za mu rubuta lambar a allo da hannunmu.

Wassalam.
Wata malamar sakandare, Kano.