Rahoton Ayyukan Shekara daga Sakataren Ƙungiya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu zane.

Taron wata-wata ya gudana yadda aka saba, ban da na watan azumi. Masu zuwa kun san su, fuskokin ba sa canzawa.

Babban abin alfaharinmu bana shi ne zangon da muka yi a dajin Pandam, ƙaramar hukumar Qua'an Pan, a farkon hunturu. Mun kafa tantuna kusa da tafkin. Jos, inda muka taso, tana bisa tudu mai kusan mita 1,200, don haka da muka gangara Pandam zafi ya karɓe mu hannu bibbiyu. Kafin hantsi fentin akirilik ya fara bushewa a bakin burushi, dole muka mayar da aiki zuwa asuba. Ana idar da sallah sai a shiga kwale-kwale, mai tuƙi a baya, mai zane a gaba da allo bisa cinya. Masu gadin daji sun ja mana kunne kada mu kusanci inda dorina ke kwana, mun kuwa kiyaye. Daga tsakiyar ruwa hazo yakan jera bishiyoyin gaɓa hawa-hawa, na kusa kore shar, na nesa toka-toka har su narke cikin sama. Hoton waya ba ya kama wannan, masu kwafar hoto a ɗaki sai su ji da kyau.

Dabarar ƙananan alluna mun aro ta ne daga Tom Thomson, mai zanen Kanada da ke yawo da kwale-kwale a dajin Algonquin yana zane a kan 'yan allunan katako, in sanyi ya shigo ya koma Toronto ya mayar da wasu manya. A ruwa ya rasu a 1917, shi ya sa muka hana kowa shiga jirgi ba rigar kariya. Aikin matasanmu mata biyu da suka yi da fentin ruwa ya ba manya kunya, Allah ya ƙara basira.

Baje kolin ƙarshen shekara bai yiwu ba, kuma na ji ana cewa kwamiti ya yi barci. Kwamiti bai yi barci ba. Mun samu zaure, an nemi kafin alƙalami, asusu ba komai. Zanukan Pandam suna jingine a ɗakin ma'aji ba firam, domin kafinta ba ya karɓar alkawari. Fitar duwatsun Shere da ta Riyom ma abin da ya kashe su ke nan. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, shatar mota ta fi ƙarfin aljihun mutum huɗu ko biyar, su ne kuma kullum ke biya.

Fiye da rabinmu ba su biya kuɗin wata ba. Na kira, na tura saƙo, na bi wasu har shago. Amsar ɗaya ce: "Sakatare, sai ƙarshen wata." Amma da aka saka hotunan Pandam a WhatsApp, su ne kan gaba wajen tambayar me ya sa ba a gaya musu ba. An gaya muku, sanarwar tana nan ba a goge ba.

Ma'aji zai karanta sunayen masu bashi a taro mai zuwa. Wanda ya ari tantin ƙungiya tun bayan sallah ya dawo da shi ranar, har da turakunsa.

Wassalam,
Sakatare