A ceci ginin Babban Gwani na Kafin Madaki

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki. Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana kan wani gida da mu mutanen Bauchi ba mu san darajarsa ba, wato Gidan Madaki da ke Kafin Madaki a ƙaramar hukumar Ganjuwa, kan hanyar Ningi, wanda mutanen gari suka fi sani da Babban Gwani.

Gidan nan fa tun wajen 1860 aka gina shi, zamanin Sarkin Bauchi Ibrahim ɗan Yakubu, lokacin da garin yake matsayin ribaɗi saboda harin Ningawa. Wanda ya gina shi Muhammadu Durugu ne, shi ake wa laƙabi da Babban Gwani, kuma sunan nan dai na Babban Gwani shi ake jingina wa tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Tun 1956 gwamnati ta sa gidan cikin kayan tarihin ƙasa, kafin ma a samu ƴancin kai kenan.

Abin da nake so mutane su gane shi ne ba siminti ba rodi a ginin nan, tubali ne na ƙasa da aka mulmula da hannu aka shanya a rana, aka jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ƙasan bangon da kauri yana tafiya sama yana sirancewa don ya iya ɗaukar nauyin kansa. Rufin kuma azara ce ta giginya wadda gara ba ta cika damunta ba, amma azara gajeriya ce ba ta iya tsallake babban ɗaki, shi ya sa magina suke ɗaura ta guntu-guntu suna fito da ita daga bango a hankali har ta haɗe a sama ta zama bakan gizo, sai a lulluɓe da ƙasa. Wallahi wannan lissafi ne babba, injiniya ma sai ya tsaya ya yi tunani, kuma ka shiga da rana tsaka a watan Afrilu ka ji sanyin ciki ba fanka ba komai.

To damuwata ita ce ginin ƙasa yaɓe yake so akai-akai, da gyaran indararo kafin damina, da makuba, wato haɗin ɓawon ɗorawa, a shafe bango saboda ruwa. Su waye suka iya wannan aikin yanzu? Tsofaffin magina suna ta tafiya, yaransu sun koma bulo da kwano saboda a nan kuɗi yake, ba na ganin laifinsu. Tsorona kar wata rana da sunan gyara a zo a lafta masa filastar siminti, don siminti riƙe danshi yake a ciki, tubalin ya jiƙe ya ruɓe ta ciki, waje kuma yana ta ƙyalli.

Ina roƙon hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da gwamnatin jiha da masarautar Bauchi su nemo sauran maginan gargajiya da suka rage, a biya su da kyau su koyar da matasa a jikin ginin nan. Ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) ga su nan kusa, a riƙa kai su suna aunawa suna zanawa, a ajiye.

Na gode Edita.

Naka mai karatu,
daga Bauchi