Zuwa ga masu saya wa karnukansu nama a rumfarmu ta Tahoua

Assalamu alaikum. Muna gaishe ku, ya zafi?

Daga wannan makon mun daina yi wa kowane kare ƙulli iri ɗaya. In kun zo, ko kun aiko yaro, a faɗa mana nauyin karen, shekarunsa da aikinsa. Babban kare yakan ci kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na nauyinsa a rana, wato mai kilo 20 zai ci giram 400 zuwa 600. Mai bin garke ko farauta ya fi mai kwance bakin ƙofa ci. Ku kuma masu karen Azawak, don Allah ku bar cewa a ƙara masa don kun ga haƙarƙarinsa a waje, haka Allah ya halicce shi.

Tsoka zalla ba ta wadatar. A kowane kilo muna sa giram 800 na tsoka, 100 na ɗanyen ƙashi mai laushi irin wuyan kaza, 100 na kayan ciki, rabinsu hanta. Kwikwiyo da karya mai ciki, sai likitan dabbobi ya tsara musu tukuna.

Abin da ya fi damun mu shi ne huhu da hanta masu ƙullutu cike da ruwa. Mutum ya ga ba zai iya ci ba, sai ya jefa wa kare. To, tsutsa ce a ciki. Tana girma a hanjin kare, ƙwanta ya fita cikin kashinsa, yaro ya yi wasa da ƙasar ya kai hannu baki, bayan shekaru a iske ƙullutun a hantarsa. Mu ƙone su muke yi. Ranar Layya ku ma ku ƙone, ko ku binne da zurfi. Mushe kuwa kada a ko kusanta.

Sai albasa. Mu da Galmi, garin albasa, ke kusa, ba miyar da ba ta shiga, amma ɗanya ko dafaffiya tana lalata jinin kare. Saboda haka ban da ragowar miya da tsire. Dafaffen ƙashi ma tsagewa yake, ya soki hanji.

Da wannan zafi da ɗaukewar wuta, kada ku dogara ga firigo, ku sayi na yini ɗaya. Abin da kare ya rage a kwashe nan take. Kwanonsa da wuƙarsa daban, a wanke hannu da sabulu.

Muna buɗewa bayan sallar asuba, mun kuma aje sikeli ga mai son auna karensa.

Mun gode,
Masu rumfa