Gigin tsufa ba a launin fata yake ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na kiwon lafiya kan cutar mantuwa, inda aka ce baƙar fata a Amurka sun fi Turawa kamuwa da ita kusan ninki biyu. Ba ƙarya aka faɗa ba, sai dai an bar zancen a rataye. Maƙwabcina da muka saurara tare cewa ya yi, "To mu kam a jini ne, sai addu'a."

A 2016 aka fitar da binciken da ya bi tsofaffi fiye da 270,000 masu zuwa asibitocin Kaiser Permanente a Kalifoniya har tsawon shekara 14. Baƙar fata ne a sama wajen kamuwa da cutar, 'yan asalin Asiya a ƙasa, tazarar ta kai kashi 65 cikin ɗari. Da aka ware waɗanda suka haura shekara 90, bambancin bai ɓace ba.

Amma ga abin da baƙon da kuka gayyata a shirin ya tsallake, kuma a ƙasarmu aka yi shi. Daga 1992 likitocin Jami'ar Ibadan da na Jami'ar Indiana suka shafe shekaru suna gwada tsofaffin unguwar Idikan a Ibadan da baƙar fatar birnin Indiyanafolis na Amurka, da ma'auni iri ɗaya. A sakamakon 2001, duk shekara kashi 1.35 cikin ɗari na Yarabawan ne ke kamuwa, can kuwa 3.24. Dukkansu baƙaƙe ne, wasu ma daga wannan gaɓar tekun aka kwashi kakanninsu. Da fata ce, ina wannan tazara za ta fito? Hawan jini, ciwon suga da kitse a jini sun fi yawa ga na Amurkan. Har ma an gano cewa wanda aka haifa a jihohin Amurka da shanyewar ɓarin jiki ta yi katutu, haɗarin na biye da shi ko da Kalifoniya ya koma.

Kada wannan ya sa mu saki jiki, domin hawan jinin nan ya cika gidajenmu. Kakata ta wajen uwa ta haura 90. Kullum bayan la'asar sai ta ɗaure tsummokaranta a ɗankwali, ta tsaya bakin zaure, wai Malam zai zo ya mayar da ita gida. Malam ɗin ya fi shekara 20 da rasuwa. Mun sha cewa gigin tsufa ne, wasu dangi suka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi. Ranar da aka auna jininta, ma'aikaciyar ta dube mu ta ce, "Tun yaushe rabonta da magani?" Ba wanda ya iya amsawa, don ba ta taɓa sha ba.

Ina roƙo ku gayyato likitan ƙwaƙwalwa ya dawo kan wannan batu, kuma ku sa shirin bayan sallar isha'i, lokacin da matan da ke jinyar tsofaffin nan suka sami sararin zama.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Zariya