Nazarin Ƙabilu da Jinsi a Matsayin Ƙaramin Fanni: Shawara ga Ɗalibai da Jami'o'inmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon fili a jaridarka domin mu amsa wata tambaya da ɗaliban da suka ci bak suke yawan yi a nan Damagaram, musamman masu neman gurbin karatu a waje: shin akwai riba mutum ya ɗauki nazarin ƙabilu da jinsi a matsayin ƙaramin fanni, ya haɗa da babban fannin da yake karanta? A ganinmu akwai, amma da sharaɗi. Sai ya kasance yana yi wa babban fannin aiki, kuma sai an gina shi da abin da ke faruwa a ƙofar gidanmu.

Wannan karatu a Amurka ya samu gindin zama. A watan Nuwamban 1968 ɗaliban kwalejin jihar San Faransisko suka shiga yajin aikin da ya kai har Maris na 1969, suna neman a riƙa koyar da tarihin baƙaƙen fata da 'yan asalin ƙasar da 'yan Asiya da masu tushen Latin Amurka. Daga nan aka buɗe tsangayar nazarin ƙabilu a 1969. Shekara ɗaya bayan haka, a 1970, kwalejin San Diyego ta buɗe shirin nazarin mata na farko a ƙasar. Afirka ba ta zauna jira ba: mata masu bincike sun kafa ƙungiyar AFARD a Dakar a 1977, jami'ar Makerere ta Yuganda kuma ta buɗe sashen nazarin mata da jinsi a 1991. A jami'o'in Amurka, digirin farko yakan ɗauki kiredi 120 cikin shekara huɗu, ƙaramin fanni kuwa yakan ci 15 zuwa 21 daga ciki, wato darussa biyar zuwa bakwai. Wanda zai tafi can ya san wannan lissafi tun daga gida.

Mu kuwa tsarin LMD muke bi, wato lisans da mastar da doktora. Lisans kiredi 180 ce, semesta shida, kowace 30, kuma kiredi ɗaya yana nufin awa 20 zuwa 25 na aikin ɗalibi, da zaman aji da karatun gida duka. Idan aka auna da na Amurka, ƙaramin fanni a wurinmu zai kama kiredi 24 zuwa 30. Mu ɗauki 24: awa 480 zuwa 600 ke nan. Idan aka raba shi shida-shida daga semesta ta uku zuwa ta shida, kuma kowace semesta ta yi mako 14, ɗalibi zai riƙa ba shi awa tara zuwa goma sha ɗaya a mako. Kada a fara a shekarar farko. Wanda bai riga ya tsaya da ƙafarsa a babban fanninsa ba, ƙarin kaya ne zai kayar da shi, ya wayi gari yana maimaita shekara saboda darasin da ba shi ya zo yi ba. Akwai kuma tambayar da ya wajaba a yi wa shugaban sashe kafin rajista, a kuma samu amsarta a rubuce: waɗannan kiredi shida suna cikin 30 na semesta ne, a gurbin darussan zaɓi, ko a kansu za a ɗora su su zama 36? Ɗalibai da yawa sai ranar fitowar sakamako suke gane bambancin.

Yadda za mu so a jera darussan shi ne, semesta ta uku ta zama ta tushe: yadda masana suke bayanin ƙabila da jinsi, tare da tarihin zamantakewar Nijar. Ta huɗu ta zama ta hanyoyin bincike, wato tsara tambayoyi, hira, da ɗan lissafin ƙididdiga. Ta biyar ta doka da addini da al'ada. Ta shida a fita fili, a rubuta rahoto na shafi 20 zuwa 25 a kan matsalar da ta shafi babban fannin ɗalibi. Idan dole sai an rage wani abu, a rage na tushe, a bar na hanyoyin bincike cik. Shi ne kaɗai abin da mai ɗaukar aiki zai iya gwadawa.

Matsalar farko da ke samun masu wannan karatu ita ce ɗauko rabe-raben Amurka a ɗora mana. Can magana ce ta launin fata da baƙin haure. Nan ba haka tambayar take ba. Damagaram kanta darasi ce da ta ishi semesta guda. Gidan sarauta tushensa na Barebari ne, ƙasar ta daɗe tana ƙarƙashin inuwar Borno, amma harshen gari Hausa ne. Birni na sarki da fadawa ne, Zango kuma ya tashi ne da ayarin Abzinawa da fatake. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya mulki Hausawa da Barebari da Fulani da Buzaye da Tubawa, garin kuma ya zama hedikwatar Turawan mulkin mallaka kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Marigayi André Salifou, wanda jami'armu take ɗauke da sunansa, ya yi wa tarihin wannan masarauta rubutu tun 1971. To, a irin wannan gari ka tare mutum da takarda ka ce "kai wace ƙabila ce?" Kakansa Babarbare ne, uwarsa Bafillata, Hausa kaɗai yake ji, shi kuma ce maka zai yi Badamagare ne. Akwatin da za ka sa masa alama ƙarya zai faɗa. Fredrik Barth, masanin ƙasar Norwe, ya nuna tun 1969 cewa abin lura shi ne iyakar da mutane suke shatawa tsakaninsu da yadda suke ƙetare ta. A aikace, a fasa tambayar gida huɗu: harshen da ake yi a gida, harshen da ake yi a kasuwa, asalin uba da na uwa kowanne daban, sannan sunan da mutum yake kiran kansa da shi. Amsoshin sukan saɓa, kuma a saɓanin ne binciken yake.

Haka rikicin manoma da makiyaya. A rediyo za ka ji an ce Hausawa da Fulani sun yi faɗa. Ɗalibin da ya koyi aikinsa zai tambayi ranar da hukuma ta sa ta sakin gonaki, ko an cinye burtali da shuka, wa yake da ikon rijiyar, ko kuma hukumar filaye ta Kofo a garin tana zama. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 ya kamata su kasance a jakarsa. Ya kuma san abin da ke sanyaya zukata, kamar wasan taubasai tsakanin Fulani da Barebari, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun gadon bil'adama da sunan Nijar a 2014. Maganar asalin bauta kuwa tana buƙatar taka-tsantsan na musamman. An mayar da bauta laifi a dokar ƙasa a 2003, kotun CEDEAO kuma ta yanke hukunci a shari'ar Hadizatu Mani, wadda aka riƙe a bauta, a 2008, don haka batun yana cikin manhaja. Amma ba a tambayar mutum kai tsaye ko kakanninsa bayi ne. Ana bi ta tarihin gona da aure da limanci, kuma ba a rubuta sunan kowa ko na ƙauyensa.

Ɓangaren jinsi shi ne wanda iyaye suka fi ɗari-ɗari da shi, kuma ba za mu ce ba su da dalili ba. Mutane sun tuna taƙaddamar dokar iyali a shekarun 1990, sun tuna majalisa ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo ta kare hakkin mata a 2006. Ɗalibin da ya shiga gari da kalmomin da ya haddace daga takardun furoje, ƙofa za a rufe masa, kuma daidai ne. Maganin abin shi ne ya san nasa. Ya karanta babin aure da saki da gado a fiƙihun Malikiyya, Risala ma ta isa farawa, ya ajiye shi kusa da dokar ƙasa, wadda ta sa shekara 15 ga yarinya da 18 ga namiji, sannan ya duba abin da ake yi a zahiri, inda binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su kai 18. Abu uku ke nan daban-daban, kuma rabin kuskuren da ake yi a muhawara daga cakuɗa su yake fitowa. Misalin gado ya isa: shari'a ta ba 'ya mace rabin rabon ɗan'uwanta, dokar karkara ta ce kowa yana da hakki a albarkatun ƙasa ba tare da bambancin jinsi ko asali ba, amma a ƙauyuka da yawa 'yan'uwa maza ne suke riƙe gonar, ita sai dai a ba ta damin hatsi. Nan addini yana gefen matar ne, kuma ɗalibin da ya san haka zai iya zama da malaman gari su yi magana ta fahimta.

Tarihin ma namu ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'yan taru domin karantar da mata. Ran 13 ga Mayun 1991 matan Nijar sun yi maci a Yamai saboda mace ɗaya tal aka sa a kwamitin shirya taron ƙasa, abin da ya sa ranar ta zama ranar matan Nijar. Dokar kaso ta 2000, da aka yi domin ba mata gurbi, ta ware aƙalla kashi 10 na kujerun zaɓe da 25 na naɗi, aka ɗaga su zuwa 25 da 30 a 2019. Kada kuma a manta jinsi ya haɗa da maza. Fadojin samari, 'yan pale, wato gungun samarin unguwa, da masu tafiya cin rani Najeriya ko Libiya ko Aljeriya, duk tambayoyi ne kan abin da ake nema ga namiji kafin a kira shi magidanci, da abin da yake yi idan ya rasa.

Semesta ta shida ce take fallasa wanda bai koyi komai ba, don haka bari mu ɗan tsaya a kanta. A fara da takardar izini daga tsangaya, a kai ta meri, sannan a gaida mai gari ko mai unguwa kafin a ƙwanƙwasa ƙofar kowa. A tafi biyu-biyu, mace da namiji, domin namiji ba ya shiga gidan kulle, matar aure kuma ba za ta faɗi kuɗin adashinta a gaban mijinta ko kishiyarta ba. Ga rahoton lisans, gida 30 na tambayoyi da hira 12 zuwa 15 ta minti 45 sun isa. KoboCollect kyauta ce, tana aiki a waya ba tare da intanet ba, amma a gwada tambayoyin a gida biyar tukuna, a gyara, sannan a fara ƙirga. Hirar awa ɗaya takan ci awa huɗu zuwa shida wajen rubutawa, ban da fassara zuwa Faransanci. Wanda bai sa wannan a jadawalinsa ba zai ƙare da sauti cike da waya da rahoto fanko. A nemi yardar mutum kafin a danna naɗa, a kuma sa lamba a maimakon suna.

Lokaci ma yana ɓata bincike. Da damina kowa yana gona. Bayan kaka kuma mazan ƙauye da yawa sun tafi cin rani, sai ɗalibi ya rubuta cewa mata ne shugabannin gidaje, alhali mai gidan yana Kano zai dawo da ruwan farko. A tambayi wata nawa mai gida yake yi a gida cikin shekara. Kada a tambayi mai gida shi kaɗai yawan gonakin gidan, domin gandu zai lissafa ya bar gamanar matansa. Kowace mace a tambaye ta tata gamanar, da awakinta, da wanda yake yanke shawarar sayarwa. Shekarun haihuwa kuma a bi su ta abin da kowa ya tuna, kamar yunwar 2005 ko juyin mulkin 2010, in ba haka ba za a ga kowa ya faɗa 20 ko 25 ko 30.

Game da aiki, gara a faɗa wa ɗalibai gaskiya. Gasar shiga aikin gwamnati babban digiri take dubawa. Ƙaramin fanni yana ƙara wa mai sana'a gani ne: ungozoma ta gane dalilin da ya sa mai ciki ba ta zo awo ba sai da izinin miji ko uwar miji, malamin gona ya daina kiran taron rabon iri a lokacin da mata suke daka, ɗan jarida ya daina laƙaba wa rikicin rijiya sunan ƙabila. Ƙungiyoyi da cibiyoyin bincike irin su LASDEL, da aka kafa a Yamai a 2001, suna amfani da masu iya hira da harsunan gida, kuma a nan wanda yake jin Barbarci ko Fillanci ko Buzanci ban da Hausa ya fi wanda ya haddace littafi.

Roƙonmu ga hukumomin jami'o'i, ta Damagaram da sauran, ba ya buƙatar sabon gini. A tattara darussan da ake da su a sassan ilimin zamantakewa da tarihi da labarin ƙasa da shari'a, a ba su suna ɗaya da malami ɗaya mai kula. A keɓe musu yammaci ɗaya a mako da babu wani sashe da zai sa darasi ko jarrabawa a ciki, domin karon jadawali ne yake kashe irin wannan shiri tun a shekarar farko. A kuma rubuta sunan ƙaramin fannin da adadin kiredinsa a takardar maki da takardar ƙarin bayani ta digiri. Ɗalibin da ya riga ya fara haɗa nasa ta darussan zaɓi ya ajiye manhajar kowane darasi da kofin rahotonsa mai hatimin sashe, domin su ne za a nema a wurinsa idan ya je neman mastar a wata jami'a.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wasu malaman ilimin zamantakewa,
Damagaram, Jamhuriyar Nijar