Fadar da ba ta da rufi

Edinbura, Sikotlan

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna da yara. Ya ƙafar taku? Ni lafiya lau, sai sanyi da yayyafin da ba ya ɗaukewa.

Cikin tsarabar da na bayar a kawo muku akwai zane a kwali. Don Allah a ɗora shi inda yara da laima ba za su kai ba, domin da fenti mai narkewa a ruwa aka yi shi, ɗigo ɗaya sai ya dame. Wata dattijuwa na tarar tana yin sa a bakin tafki, tana tsoma buroshi a kofi, launin yana bin takarda a hankali. Na tsaya har ta gama, na saya. Ku na tuna, Baba, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan gini.

Abin da ke cikin zanen fadar sarakunan ƙasar nan ce ta garin Linlitgo, kamar minti ashirin a jirgin ƙasa daga nan. Sarki Jemis na ɗaya ya fara gina ta bayan gobarar 1424, magadansa suka yi ta ƙari har ta zama kusurwa huɗu da tsakar gida. Nan aka haifi Jemis na biyar a 1512, shi ya kafa maɓuɓɓugar ruwa ta sassaƙaƙƙen dutse a tsakar gidan. Nan kuma aka haifa masa 'ya, Meri, a Disamban 1542. Kwananta shida a duniya ya rasu, jaririya ta zama sarauniya.

Ku duba zanen da kyau, za ku ga sararin sama ta cikin tagogin bene. Babu rufi. Mutanen gari za su ce muku gobara ce, wadda ta tashi a farkon 1746 bayan sojojin gwamnati sun sauka a ciki. Haka ne, amma ni a ganina gidan ya fara mutuwa tun 1603, da ɗan Meri, Jemis na shida, ya gaji sarautar Ingila ya koma Landan. Sau ɗaya tak ya waiwayo Sikotlan, a 1617. Shekara huɗu kacal da komawarsa Landan, a 1607, ɓangaren arewa na fadar ya rufta. An sake gina shi, amma mai gidan bai dawo ya zauna ba.

Na shiga babban zauren, ga murhu sai ka ce ɗaki, na ɗaga kai na ga tsuntsaye suna giftawa. Wallahi sai soron Kaka ya faɗo mini a rai. Bana shekarata shida ban ga damina a gida ba, kuma Yaya ya gaya mini azara biyu sun ruɓe, indararon gabas ya karye, ruwa yana bin bango.

Na tura kuɗi ta hannunsa. A sauya azarar, a yi yaɓe tun kafin ruwan fari. Ku zauna a inuwa ku nuna wa magina, kada ku hau tsani da wannan ƙafar. In aikin ya fi kuɗin, a gaya mini, kada a ɓoye.

Ina neman hutu bayan babbar salla, in Allah ya yarda. A gaida Inna, a ce ta ci gaba da sa ni a addu'a.

Naku,
ɗanku